Filin Tambaya da Amsa: Mutumin Kogi a Bakin Teku

Da hutun ƙarshen shekara ya matso, wasiƙun da suka shigo wannan fili duk sun karkata ga ruwa. Wasu za su kai iyali Legas su ga teku, wasu kuma nan Kaduna za su tsaya su shimfiɗa tabarma a bakin kogi. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kabala na tashi, tun ina ɗan shekara tara nake ninƙaya a Kogin Kaduna, ko da damina ina ƙetare shi. A watan Disamba zan kai iyalina Legas wajen ƙanina, amma ya ce in mun je bakin teku in tsaya a kan yashi, kada in sa ƙafa a ruwa. Tsoro ne irin nasa, ko da wani abu a ƙasa? (Wani magidanci, Kabala)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da wani abu a ƙasa, kuma irinku gwanaye abin ya fi shafa, don wanda bai iya ruwa ba tun daga nesa yake ja da baya.

Kogi alƙiblarsa ɗaya. Ka jefa kara daga gaɓa, za ka ga gudunsa da inda ya nufa. Teku kuwa turo ruwa yake yi zuwa tudu da kowace igiyar ruwa, kuma dole ruwan nan ya koma inda ya fito. A ƙarƙashin ruwa, ɗan nesa kaɗan da gaɓa, yawanci akwai tudun yashi kwance a tsawon bakin tekun, kamar kunya a gona. Ruwan da igiyoyi suka tsallako da shi yakan taru tsakanin kunyar da gaɓa yana neman mafita. Inda ya sami ɓaraka sai ya taru ya kwarara ta nan gaba ɗaya, kamar yadda ruwan Agusta ke fasa kunya ya yi zaizaya ta wuri guda. Wannan magudanar ce ke ɗauke mutane. Faɗinta galibi bai wuce mita 25 ba. Gudunta na yau da kullum kamar rabin mita ne a daƙiƙa, amma takan kai mita biyu da rabi. Gwanayen gasar Olamfik na cinye mita 50 ne cikin daƙiƙa kamar 21, ka ga ko su ba za su tsere mata ba in ta yi ƙarfi.

Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kyan gani. Dama da hagu igiyoyi na fashewa da farin kumfa, a tsakiya kuma ga wani layi lumui, mai duhu, ba hayaniya. Sai mutum ya ce ga inda zan shiga. Ya yi lumui ne don ya fi zurfi, kuma ruwan cikinsa fita yake yi. Kafin ka cire takalmi, hau wuri mai ɗan tudu ka yi minti 15 kana kallo. Ka nemi giɓin da igiya ba ta fashewa a cikinsa, da ruwan da launinsa ya bambanta, da kumfa ko leda ko ciyawa da ke tafiya cikin teku maimakon zuwa gaɓa. Ka kuma nisanci gefen duwatsu da katangar da ta kutsa cikin ruwa, don magudana na son bin jikinsu.

In ta ɗauke ka, ka sani ba ta jan mutum ƙasa. Fita take yi da shi, kuma da ta wuce inda igiyoyi ke fashewa sai ƙarfinta ya watse. Abin da ke kisa shi ne mutum ya ga gaɓa na nisa, hankalinsa ya tashi, ya juya ya fuskance ta kai tsaye yana ta buga hannu har ƙarfinsa ya ƙare. A nan ne sanin kogi zai yi maka rana, in ka tuna da shi. Ba ka taɓa ƙetare Kogin Kaduna kana fuskantar inda ruwa ke fitowa ba, yankar sa kake yi a karkace. To haka za ka yi: ka bi tsawon gaɓar, dama ko hagu, har ka ji jan ya sake ka, ka shiga inda farin kumfa yake, igiyoyin su taya ka komawa. In ka gaji, kwanta rigingine, ka baje hannu da ƙafa, ka yi numfashi a hankali, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. Ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaukar jiki, wannan kam sauƙi ne.

Akwai abu na biyu da kogi bai koya maka ba. Yashin bakin tekun Legas a gangare yake, igiya na tasowa ta faɗi da nauyinta daf da gaɓa, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum na tsaye ruwa iya gwiwa, ya ba teku baya ana ɗaukar sa hoto, sai ya ji shi a ƙasa. Igiyoyi kuma jeri-jeri suke zuwa: ƙanana da yawa, sai manya uku ko huɗu a jere. Kada ka auna tekun da abin da ka gani cikin minti ɗaya.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu teku ya fi kwanciya, daga Yuni zuwa Satumba kuma ya fi hauka. Mu dai ba mu ce kada ka sa ƙafa ba. Ka shiga inda akwai mai ceto a bakin aiki, tsakanin tutoci masu ja da rawaya in an kafa su, kada ka wuce ƙugu. In ja zalla ka gani, ranar ta kallo ce. Inda babu mai ceto babu tuta, kuma irin wuraren suna da yawa, ka tambayi masunta, ka bi maganarsu ko da ba ta yi maka daɗi ba.

Tambaya: Yarana uku, mai shekara 4, da 7, da 11. Wane bakin teku ya fi dacewa da su a Legas, kuma me zan kiyaye? (Wata uwa, Unguwar Rimi)

Amsa: Hajiya, in ruwan ne abin dubawa, Tarkwa Bay ya fi sauƙi. Yana cikin lungu ne a bayan katangar duwatsun da ke kare mashigar tashar jiragen ruwa, don haka igiyoyinsa sun fi laushi a kan na Elegushi da ke fuskantar teku kai tsaye. Sai dai babu hanyar mota, da jirgin ruwa ake zuwa, tafiyar minti 15 zuwa 20. Don haka hankalinki ya fara daga kan jirgin. Ku hau a tasha ta hukuma, ku ƙi jirgin da aka cika maƙil, ku kuma dawo da sauran rana, don an hana tafiyar dare a ruwa. Kowane yaro ya sa rigar ceto daidai jikinsa. Ga yadda za ki gwada: ki ɗaure duk maɗauran, ki kama rigar ta kafaɗu ki ɗaga. In ta haura har ta taɓa kunnuwansa, ta yi masa yawa, kuma a cikin ruwa zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta. Ta ƙaramin yaro ta kasance mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu.

A bakin ruwan, mai shekara 4 kada ya wuce inda hannunki zai kai gare shi. Ba inda idonki zai kai ba, hannunki. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, don bakinsa na nutsewa yana fitowa, numfashi kawai yake nema. Ƙasa da minti ɗaya ya isa ya ɓace. Kuma an fi yin asara a inda manya suka yi yawa, kowa na zaton wani na kallo. Ku sa mutum ɗaya a kan tsaro, ba waya a hannunsa, ba hira, bayan minti 20 ya miƙa wa wani da baki, ya ce na ba ka.

Balan-balan ɗin da ake hurawa, da tayar roba, da 'yan hannayen nan na iska, ki bar su a kwamin wanka na otal. A teku iska na tura su ciki da yaro a kai, kuma sun fi mai ninƙaya sauri.

Tufafi ma abin dubawa ne. Dogon hijabi da zani da abaya in sun jiƙe sukan naɗe ƙafa su kama hannu, igiya kuma ta sami abin ja. Mai son taɓa ruwa ta sa wando da riga mai dogon hannu wadda ba ta da yalwa, da ɗan hijabi iya kafaɗa. Haka jallabiya da kaftani ga maza.

Wasan yashi ba laifi, amma rami kada ya wuce gwiwar mafi ƙanƙantar yaron, kuma ba a haƙa kogo a shiga. Yashi cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ya fi tan ɗaya da rabi nauyi, in ya rufta ba a tone shi da sauri don komawa yake yi.

In kin ga teku ya yi fushi a ranar, ga Cibiyar Kare Gandun Daji ta Lekki, da aka kafa a 1990 a fili mai hekta 78. Akwai hanyar katako cikin fadama, da gadar sama mai tsawon mita 401 wadda ba a barin ƙananan yara su hau. Ki ɓoye abinci cikin jaka, birran wurin ba su da kunya.

Tambaya: Na yi aiki a Legas shekarun baya, kowace Lahadi muna Bar Beach. Yanzu jikana ya ce babu wurin. Teku na ɓata ne? (Wani dattijo, Tudun Wada)

Amsa: Baba, jikanka ya faɗi gaskiya. Tekun na nan, an dai matsar da shi ne.

A gaɓar Najeriya igiyoyi na zuwa ne a karkace daga kudu maso yamma, suna tura yashi sannu a hankali daga yamma zuwa gabas. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar Legas don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Katangun sun yi aikinsu, amma sun tare yashin da ke ciyar da Bar Beach. Ya yi ta taruwa ta yamma, ta gabas kuma teku na ɗiba ba mai mayarwa. Shekara da shekaru ana zuba yashi ruwa na kwashewa, har ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello na Victoria Island, takwaran namu na nan Kaduna. Daga bisani aka yaso yashi daga cikin teku aka cike wurin, aka kafa sabon birnin Eko Atlantic a kai, aka kare shi da katanga mai tubalan kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Inda kuke zama ku sha iska yanzu tudu ne da benaye.

Ba shi kaɗai ba. A Afrilun 2024 aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba ya bi ta kan bakin tekun Landmark. Don haka duk mai tafiya ya tambayi mazauna gari kafin ya ɗauki mota, kada ya bi tsohon sani.

Tambaya: Mun taɓa shimfiɗa tabarma a busasshen yashi, bayan awa biyu ruwa ya zo ya jiƙa mana kaya. Wani ya ce wata ne ke jawo haka. Da gaske ne? (Wata ɗaliba, Malali)

Amsa: Da gaske ne, 'yar'uwa. Wata na jan ruwan duniya, rana ma na ja amma ƙarfinta bai kai rabin nasa ba. A gaɓarmu teku na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a yini da kwana. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25, shi ya sa kullum lokacin ke jinkirta da kamar minti 50. In yau ya cika da ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 11 saura minti goma, bayan mako guda kuma a daidai wannan lokacin janye yake.

Mai bin kwanan watan Musulunci ya huta da lissafi. A tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15, rana da wata na kan layi ɗaya, jansu ya haɗu, sai cikowar ta fi hawa, janyewar ta fi nisa, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan nan. Wajen 7 ga wata da 22 kuma bambancin kaɗan ne. A Legas tazarar sama da ƙasa kamar mita ɗaya ce, tana ƙaruwa in an yi gabas har ta kai wajen mita uku a Kalaba. Mita ɗaya a tsaye kamar ba komai ba ne, amma a shimfiɗaɗɗen yashi taku da yawa ne.

Dabarar tabarma mai sauƙi ce. Ki duba yashin, za ki ga wani layi na tarkace, ciyawa da robobi da ɓawon katantanwa, a tsawon gaɓar. Nan ruwa ya tsaya a cikowar da ta wuce. Ki shimfiɗa a samansa da taku goma. Kada kuma ki ɗauka janyewa lafiya ce ga mai shiga ruwa, don a lokacin ne magudanar da muka yi bayani a sama ta fi gudu.

Tambaya: Ana alwala da ruwan teku? Kuma na ga mutane na ɗibar sa a jarka su kawo gida wai magani ne. (Wani ɗan kasuwa, Kasuwar Barci)

Amsa: Alhaji, ana yi. Hadisin Abu Huraira sananne ne, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Ka ɗiba a buta ka koma tudu, kada ka tsuguna a bakin igiya.

Sha kuwa a'a. Kowace lita na ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato ƙaramin cokali shida. Ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa mai gudawa rabin ƙaramin cokali ne na gishiri a lita, da cokali shida na sukari. Ƙoda ba ta iya fitar da gishiri mai kaurin na teku sai ta ƙara da ruwan jiki, don haka mai sha ƙishirwa yake saye. Ga kuma ƙazantar da kwatocin birni ke zubarwa, wadda ke ƙaruwa bayan an yi ruwan sama. Ruwan sha na gaske za ka riƙe da yawa: ka baro hunturun Kaduna inda gumi ke bushewa nan take, ka shiga inda iska ke jiƙe, gumi na zuba ba ya sanyaya jiki.

Tambaya: In na ga ruwa na cin wani, a teku ko a kogi, me zan yi? Na iya ninƙaya daidai gwargwado. (Wani matashi, Rigasa)

Amsa: Ɗan'uwa, Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kai ma haka zai kama ka, ta wuya, ya hau kanka don ya sami iska. Shi ya sa sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Shiga ruwa shi ne zaɓi na ƙarshe.

Fara da kururuwa, ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira 112, a Legas har da 767. In yana kusa, kwanta rub da ciki a gaɓa ka miƙa masa gora, ko reshe, ko rawani, ko zani. A kwance, don in kana tsaye shi zai jawo ka. In ya yi nisa, jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa. Jarkar da babu komai a ciki, an ɗaure murfinta, ita ce ta fi samuwa a wajenmu: mai lita 10 na ɗaga kusan kilo 10, wanda ya ishi babban mutum ya riƙe kansa a sama. Kula ta abinci da ƙwallo ma suna yi. In da igiya, ɗaura a hannun jarkar, ka jefa ta wuce shi sannan ka jawo ta kansa. A kogi ka jefa ta ɓangaren da ruwa ke fitowa, gudun ya kai masa. In ba makawa sai ka shiga, tafi da jarkar, ka tura masa ita daga nesa, ta zama tsakaninku.

Da an fito da shi, kwantar da shi rigingine, ka ɗaga haɓarsa, ka duba numfashi na daƙiƙa 10. In ba ya yi, ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau 5, kowace ka ga ƙirji ya ɗaga. Sannan ka ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya kan ɗaya, ka danna sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, saurin 100 zuwa 120 a minti. Sai hurawa 2, dannawa 30, haka har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ga yaro hannu ɗaya ya isa, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa. Hurawar na da muhimmanci a nan fiye da a bugun zuciya, don rashin iska ne ya tsayar da komai.

Abin da aka saba yi a bakin kogi, a danna ciki ko a ɗaga mutum a kife wai ruwa ya fito, ɓata lokaci ne. Abin da ke fitowa daga tumbi yake, kuma yana iya komawa huhu. In ya yi amai, juya shi gefe ka share bakin ka ci gaba. In ya farfaɗo, kwantar da shi a gefe, cire jiƙaƙƙun kaya, lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake. Huhun da ruwa ya taɓa yakan kumbura bayan wasu awanni, alamarsa tari da haki da yawan barci.

Tambaya: An ce akwai wani abu kamar leda a teku mai harbi. Mene ne maganinsa? (Wata ma'aikaciyar jinya, Barnawa)

Amsa: Jelifish ke nan, Malama, halitta mai yauƙi da zare-zare masu dafi. Ko matacciya ce a kan yashi tana harbi, a hana yara taɓawa. A wanke wurin da ruwan teku, ba ruwan sha ba, don ruwan daɗi na sa ragowar ƙwayoyin dafin su fashe. A cire zaren da hantsaki ko gefen kati, kada a murza da yashi ko tawul. Sannan a tsoma cikin ruwan zafi wanda fata za ta iya jurewa, digiri 40 zuwa 45, na minti 20. Fitsari ba magani ba ne. In numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, ko harbin a ido ne, sai asibiti nan take.

Tambaya: Ba mu da halin zuwa Legas. Ina so in fita da ɗalibai 40 'yan aji biyar yawon buɗe ido nan cikin gari, kuma sun matsa sai bakin kogi. (Wani malamin firamare, Kawo)

Amsa: Malam, Ƙofar Gamji, wato wurin shaƙatawa na Hassan Usman Katsina, ya haɗa maka biyu: ga inuwa da fili, ga kogi a gani, ga kuma darasin tarihi. A nan gadar ƙafa ta Gwamna Lugga (Lugard) take, wadda aka ƙera a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ka je da kanka mako guda kafin ranar, ka ga halin da wurin yake ciki, inda shinge yake da inda babu, da banɗaki, da ruwan alwala. In lokaci ya ragu, Gidan Arewa da Gidan Tarihi na titin Ali Akilu ba su da nisa.

Kogin dai a kalle shi da ido. Daga tsaunukan Filato yake tasowa, don haka ana iya yin ruwa can, nan rana na ƙwallewa, ya taso cikin 'yan awanni. Da rani kuma, inda ya yi kamar iya ƙauri, akwai ramukan da masu haƙar yashi suka bari: taku ɗaya ruwa iya gwiwa, na biyu ya shanye kai. Duwatsun ma gansakuka ta sa su santsi. Sai tsargiya. Ƙwayarta na rayuwa a jikin wasu ƙananan katantanwa na ruwan daɗi, a inda ruwa ke kwance da ciyayi, ta fito ta huda fata ba tare da an ji ba. Ba sai an sha ba, tsayawa a ciki ya isa. Bayan wata biyu ko uku yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa. Tana da magani, praziquantel, da ake aunawa da nauyi ko tsawon yaro a asibiti, amma ba ka so ka mayar wa iyaye 40 da wannan tsarabar. Wannan ya shafi madatsar Kangimi da kududdufai ma. Ruwan teku kuwa ba ta zama a cikinsa.

Ka raba su gida biyar, takwas-takwas, kowane da babba guda da takardar sunaye. A ƙirga wajen hawa mota, da sauka, da bayan cin abinci, da kafin tashi. In damina ce ka ji tsawa, a koma cikin gini ko mota, ba gindin bishiya ba, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

Wuraren wajen gari, irin magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, da ginin dutse na Kajuru, da gandun Kamuku a Birnin Gwari, duk abin gani ne, amma maganarsu maganar tsaro ce. A Afrilun 2019 an kai hari Kajuru an kashe baƙi biyu. Da yaran mutane, ra'ayinmu ka tsaya cikin gari.

Tambaya: Duk fitar da muka yi sai wani ya dawo da ciwon ciki. Me muke yi ba daidai ba? (Wata amarya, Unguwar Sarki)

Amsa: Amarya, mun fi zargin agogo a kan hannunki. Ƙwayoyin cuta na hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen abinci awa biyu yake da shi a wannan tsakanin, in zafin gari ya wuce digiri 32 kuma awa ɗaya. Dafa-dukar da aka sauke da ƙarfe 7, aka zuba a kula, aka buɗe aka rufe, aka ci da La'asar, ta daɗe da ƙetare iyaka. Shinkafa ta fi ha'inci, don dafin da ƙwayarta ke bari ɗumame ba ya kashe shi. Kunun aya da fura da nono da haɗin kabeji mai mayonis su ne na gaba.

Ko dai a ci mai zafi da zarar an isa, ko a sanyaya shi sosai tun a gida. Ki daskarar da ledojin fiya wata tun dare, ki jera wasu a ƙasan kula, abinci a tsakiya, wasu a sama, don sanyi gangarowa yake yi. Abin sha ya sami kularsa daban, tunda ita ake buɗewa kowane minti. A ajiye su a inuwa, ba a but ɗin mota ba. Ɗanyen naman gashi a ƙulle shi a roba mai murfi a can ƙasa, wuƙarsa da farantinsa kada su taɓa gasasshe. Na yamma kuma ya zama abin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, lemo da ayaba.

In kun yi gashi, a kashe garwashin da ruwa har ya daina ƙara. Wanda aka binne a yashi yakan yi awanni da zafinsa, kuma yara ba takalmi suke gudu a wurin.